Sunan da Safara'u Ba Ta Faɗa

Shafi na 19

Hajiya Hamida maciya amana ce. Na faɗa a shafin baya, wasunku suka cika min akwatin saƙo wai na yi mata tsauri, wai ƙila kuskure ta yi. To ku karanta na yau. Wanda ya gama yana da sauran uzurin da zai ba ta, ya kawo.

Mace ce da ta sauki baƙi a gidanta na Mitchellville, a Amurka: Mahamane, abokin mijinta Idrissa tun suna yara a Damagaram, wanda gidan rediyo ya ɗauko aiki a sashen Hausa, da matarsa Safara'u, da 'ya'yansu biyu. Ta ba su ɗakin ƙasa. Ta dafa musu abinci. Ta ɗauki hoto da su ta sa a Fesbuk, mutane suna ta yi mata addu'a. Sannan ta zagaya ta bayansu ta taɓa 'yarsu.

Aliyya shekararta sha ɗaya, kuma duk karatunta da Faransanci ta yi shi. Iyayenta sun zaga makarantu. Wata ta yi nisa, wata Turanci zalla ce, za a mayar da yarinyar baya ta fara kamar ba ta taɓa shiga aji ba. Guda ɗaya ce ta dace, makarantar ƙasa da ƙasa ta jeka-ka-dawo, mai koyarwa da Faransanci da Turanci, kuma bas ɗinta na bi ta Wheaton inda suke neman haya. Gurbi ɗaya ya rage a ajinta. Aliyya ta ci jarrabawar shiga. Aka kira uwa intabiyu a ranar da Mahamane ba shi da ikon barin aiki. Safara'u ba ta jin Turanci, ba ta jin Faransanci. Hamida, wadda tafinta ce sana'arta, har da katin kamfani a wuya, ta ce ita za ta raka ta.

Bayan intabiyun aka ƙi yarinyar.

Ranar Juma'a Mahamane bai wuce gida daga aiki ba. Ya hau jirgin ƙasa na Metro, ya hau bas, ya je makarantar da ƙafarsa ya ji dalili. Bayan la'asar ya sauko ɗakin ƙasa, ko takalmi bai cire ba.

"Safara'u, zauna."

"Lafiya, Malam? Ko ruwa ba ka sha ba."

"Zauna na ce. Matar nan, Madam Pauline, mai ɗaukar ɗalibai. Me ta tambaye ki?"

Safara'u ta ajiye Kabir, ɗanta ƙarami, a kan katifa. "Ai na gaya maka. Ta ce in ba ta labarin waccan."

"Kika ce me?"

"Na ce tana nan dai."

"Sai kuma?"

"Ta ce me ta iya da nake alfahari da shi. Na ce ba ta san komai ba, su ne za su koya mata. Na ce sai dai a yi haƙuri da ita."

"Sai kuma?"

"Ta ce yaya zamanmu da ita a gida. Na ce ai ɗiyar kakarta ce, can ta tashi." Ta dube shi. "Malam, na yi laifi ne? Hajiya ta ja min kunne tun a mota. Ta ce mutanen nan ba sa son mai yabon nasa, in yi yadda na saba."

Mahamane ya zauna a bakin katifa ya rufe fuska da hannu biyu.

Kowa ya san wannan kunyar. Aliyya 'yar fari ce. Tun da aka haife ta Safara'u ba ta taɓa kama sunanta ba, ba ta taɓa yabonta a gaban mutum ba. "Waccan" take cewa, ko "yarinyar". Ita ma Aliyya ba ta ce mata Mama, Yaya take cewa, yadda ta taso ta ji ƙannen uwar suna faɗa. Shi ya sa ma Maman Kabir ake kiran Safara'u. Bahaushiya ta ji wannan amsar, murmushi za ta yi, don ta san so ne aka rufe. Hamida kuwa Bahaushiya ce, 'yar Maraɗi.

"Kin san abin da matar ta ji?" in ji Mahamane. "Ta ji kin ce yarinyar daƙiƙiya ce, kuma mai wuyar zama. Ta ji kin ce ba ke kika raine ta ba, ba ki so a taho da ita ba, ni na matsa."

"Ni?"

"Ban gama ba. Matar ta lura ba kya faɗin sunan, ba kya kallon hoton da ke gabanta. Ta tambayi Hamida dalili. Hamida ta sauke murya ta ce akwai matsala tsakanin uwa da 'ya, gidan nan duk an sani, amma ita ba ta son tona asirin mutane."

Mahamane ya girgiza kai.

"Matar ta kalle ni da tausayi, Safara'u. Da tausayi! Ta ce makarantarsu ba ta da ƙarfin ɗaukar yaron da gidansu ke cikin rikici. Ta ce in kai ki wurin likitan masu damuwa, ki koyi son ɗiyarki."

Safara'u ta miƙe da sauri ta shiga bayi. Ya ji tana kakarin amai. Da ta fito ta goge baki da bakin ɗankwali.

"Abincinta ne a cikina," ta ce. "Shinkafarta na ci da rana."

Ta ɗaura zani da kyau ta nufi matakala. Ta wuce injin wanki, ta wuce wata rigar makaranta shuɗiya da ke rataye a leda tun makon jiya, wadda Hamida ta ce ta ɗiyar wata ƙawarta ce, an kawo a rage mata tsawo. Ta hau sama.

Hamida na kicin tana soya kaza, waya maƙale a kafaɗa, tana dariya da wata.

"Hajiya."

"Maman Kabir, ɗan riƙe min cokalin nan."

"Ajiye wayar."

Hamida ta juyo. Ta ga fuskar, ta ga Mahamane a bayanta. Ta ce wa ta cikin wayar za ta kira, ta kashe.

"To, lafiya? Wa ya mutu?"

"Me kika ce wa matar lakwal, matar makarantar nan?"

"Abin da kika faɗa."

"Na ce ba na son ɗiyata?"

"Kin ce kina son ta?" Hamida ta juya kaza. "Ni dai ban ji ba. Aikina ke nan, abin da ya shiga kunnena shi nake fitarwa. Ba na ƙari, ba na ragi."

"Na ce ni ban so a taho da ita ba?"

"Kin ce ɗiyar kakarta ce. Ya kike so in juya shi? Ke kin san Turanci ne da za ki koya min aikina?"

"Ban san Turanci ba. Na san Hausa, kuma ke ma kin santa. A wane gari kika taɓa jin uwa ta zauna gaban baƙuwa tana yabon ɗan fari?"

"Nan ba Damagaram ba ce, ƙanwata. Nan Amurka ce. Nan uwa rungume ɗanta take yi a bakin bas, ta sumbace shi kowa na gani. Ni ɗiyata Ɗija sunanta nake kira safe da yamma, ita ce ta farin, ban mutu ba."

"To me ya hana ki gaya min haka a mota?"

Hamida ta juya ga murhu. Ta rage wuta.

"A mota kika ce in yi yadda na saba. Har hannuna kika riƙe. Kika ce, ƙanwata, kada ki ji tsoro, ina kusa da ke."

"Ni ban tuna ba."

"Uwarki fa, Hajiya? Ta taɓa kama sunan babban yayanku?"

"Kada ki sako uwata a ciki."

"Ke kin sako ɗiyata."

Hamida ta jefar da cokali a kan murhu. "Ke, saurara. Wata nawa kuke a gidan nan? Wa ya je ya ɗauko ku a filin jirgi? Wa ya nuna miki yadda ake kunna murhun nan? Ranar farko tsoron injin wanki kike ji! Yau kin hau matakalata kina min tsawa a kan lakwal? Lakwal ɗin ma me ke cikinta? 'Ya'yan jakadu ne masu girman kai. Mu da kanmu muka duba ta shekarun baya, muka ce ba ma so. Ɗija tana ta unguwa, me ya same ta? Ku sa taku can, ta koyi Turanci kamar kowa. Daga zuwa jiya sai saman kowa?"

"Yauwa," in ji Mahamane a hankali. "Yanzu kika fara magana."

A daidai nan Idrissa ya shigo ta ƙofar gareji, da baƙar kwat ɗinsa ta aiki. Direba ne, yana da baƙar mota da yake kai manya filin jirgi. Ya tsaya yana kallonsu ɗaya bayan ɗaya.

"Kai, kai, me ke faruwa? Har waje ake jin ku."

Mahamane ya gaya masa a taƙaice. Idrissa ya saurara yana kwance agogo, yana sake ɗaurawa. Bai ɗaga ido ba.

"Haba, Mahamane. Maganar mata ce. Tafinta akwai wuya, kai ma aikinka ke nan a rediyo, ka sani. Wata kalma takan zame."

"Kalma ba ta zamewa ta zama labari guda, Idrissa."

"To ya riga ya faru. A bar shi. Makaranta ce ta ƙare a ƙasar nan? Mu 'yan'uwa ne, kada yarinya ta shiga tsakaninmu."

"Ba a bar shi ba. Na yi wa matar bayani, ta ce ba daga bakina za ta ji ba, daga bakin uwar take so. Ta ba mu Litinin da safe. Ni zan yi tafinta da Faransanci. Kai za ka kai mu."

"Litinin? Ina jin ina da fasinja."

"Jiya ka ce min Litinin hutu kake."

Idrissa ya kalli matarsa. Matarsa ta kalli kaza.

"Ku hau bas mana," in ji Hamida.

"Mai masaukina nake tambaya, Hajiya, ba ke ba."

Mai masauki ba ya ce wa baƙonsa a'a a gaban iyali. Idrissa ya ce, "Allah ya kai mu."

Da Safara'u ta juya za ta sauka, sai ta ga Aliyya zaune a kan matakala, ta haɗa kai da gwiwa. Ba wanda ya san tun yaushe take wurin. Yarinyar ta miƙe ta ba ta hanya. Ranar ba ta ci abinci ba. Washegari ma shayi kawai ta sha. Ɗija ta zo tana jan ta da Turanci su fita su hau keke, ta girgiza kai.

Wannan shi ne abin da nake so masu kare Hamida su duba. Ba gurbin makaranta kaɗai ta taɓa ba. Ta sa yarinya ta zauna tana tambayar kanta ko uwarta na son ta.

Ranar Lahadi Mahamane ya samu matarsa tana ninke kaya.

"Gobe sai kin faɗi sunan."

"Na sani."

"Ba waccan ba. Ba yarinyar ba."

"Na ce na sani, Malam." Ta ninke riga, ta warware, ta sake ninkewa. "Kai ba ka san nauyinsa ba. Kamar a ce in cire ɗankwali a tsakiyar kasuwa ne."

"In ba za ki iya ba, mu haƙura."

"Wa ya ce maka ba zan iya ba?"

Litinin ta zo da hadari. Idrissa ya tuƙa su, rediyo kawai yake ta canzawa. Da suka isa bai tsaya a bakin ƙofa ba, ya wuce can ƙarshen filin ajiye motoci, ƙarƙashin wata bishiya.

"Ba za ka shigo ba?" in ji Mahamane.

"Kaina ke ciwo. Ku je, ina nan." Ya kwantar da kujera ya rufe fuska da hula.

Madam Pauline doguwar mace ce mai furfura, tabarau rataye a wuya. Ta gaishe su da Faransanci, ta nuna wa Aliyya kujera a waje.

"Ta ce yarinyar ta jira a nan," in ji Mahamane.

"A'a," in ji Safara'u. "Ka ce mata da ita za mu shiga."

Mahamane ya kalle ta.

"Ta ji wancan. Sai ta ji wannan."

Suka zauna. Kabir na kan cinyar uwarsa yana wasa da maɓallin jaka. Aliyya ta zauna a gefe, idonta a ƙasa. Madam Pauline ta haɗa hannaye ta yi tambayar nan dai ta ranar farko, Mahamane ya juya.

"Ta ce ki ba ta labarin ɗiyarki."

Safara'u ta gyara zaman Kabir a cinyarta. Madam Pauline ta jira, har ta kalli Mahamane. Gumi ya tsattsafo a goshin Safara'u duk da sanyin na'ura. Ta kafa ido a kan tebur.

"Aliyya," ta ce.

Muryar ta fito a shaƙe, kamar ba tata ba. Yarinyar ta ɗago kai da sauri.

"Sunanta Aliyya. Ni na haife ta. Ka gaya mata."

Ya gaya mata.

"Ka ce mata a garinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yabonsa. Ba ƙi ba ne. Haka uwata ta yi wa yayana, kuma da ya rasu ita ce ta fi kowa ramewa. Ka ce mata na ce ɗiyar kakarta ce, gaskiya ne, mu muka ba tsohuwar ita don girmamawa, amma gida ɗaya muke, tukunya ɗaya. Da ta yi taifot tana shekara bakwai, ban iya shiga in ɗauke ta a gaban surukata ba. A bakin ƙofar ɗakin na tare da tabarmata har ta warke. Ita ba ta sani ba, zazzaɓi take."

Mahamane yana juyawa.

"Ta ce me ta iya. Ka ce mata tun tana ƙarama ita ke karanta wa kakarta takardar magani, ba ta taɓa kuskure ba. Ka ce mata ko wace shekara ita ke zuwa ta ɗaya ko ta biyu, kuma ranar da aka kira sunanta a lakwal ban je ba, na tsaya a bayan katanga ina ji. Ka ce mata a ƙasar nan ita ta koya min gane lambar bas, ba ta taɓa yi min dariya ba. Ka ce mata da aka ce za mu taho, kakarta ta so a bar mata ita. Ni ce na aika ƙanwata ta roƙi tsohuwar, don ni ba zan iya faɗa da bakina ba. Na ce in babu ita ba zan hau jirgi ba."

Mahamane ya tsaya. "Ban san wannan ba."

"Ba kai aka tambaya ba. Juya mata."

Ya juya. Aliyya ta sa hannu ta toshe baki, kafaɗunta na girgiza. Safara'u ba ta kalle ta ba. Ta miƙa hannu gefe kawai, ba tare da ta juya kai ba, ta kama bakin rigar yarinyar ta riƙe.

Madam Pauline ta cire tabarau. Ta daɗe tana goge shi.

"Ta ce ki yafe mata," in ji Mahamane. "Ta ce da ta ga abin bai yi daidai da yarinyar da ta gani a jarrabawa ba, ya kamata ta nemi ji daga wani bakin. Ta yarda da katin kamfani."

"Ka ce ba ita ta yi min ba. Gurbin fa?"

Ya tambaya. Matar ta yi magana a hankali, tana buɗe tafin hannu. Fuskar Mahamane ta sauya.

"Ta ce bayan da aka ƙi mu, an ba wa gidan da ke bin mu a layi. Amsarsu kawai ake jira a makon nan. Ta ce ba ta da hujjar da za ta karɓe abin da ta riga ta bayar."

Safara'u ta gyaɗa kai. Ba ta saki rigar ba.

"To. Mun gode. Tashi mu tafi, Aliyya."

Ta faɗa karo na uku, kuma wannan karon bai maƙale ba.

Suna fitowa ruwa ya kece, irin na ƙarshen Agusta, kamar ana juye bokiti. Daga ƙofa ko bishiyar da motar take ba a gani sosai. Mahamane ya kira Idrissa a waya.

"Matso da motar bakin ƙofa."

"Ku ɗan jira ya tsagaita mana."

"Da jariri muke, Idrissa. Matso."

Baƙar motar ta taho a hankali, kamar mai tuƙin ba ya so ta iso. Madam Pauline ta ɗauko babbar laima daga bayan ƙofa, ta ce sai ta raka uwa da jariri. Ta buɗe musu ƙofar baya da kanta. Ta sunkuya za ta gaida direba. Idrissa ya juya fuska wajen ɗaya tagar, amma ya makara.

"Mushe Idrissa!" in ji ta da Faransanci, da fara'a. "Ashe kai ne! Amsar Ɗija ka kawo mana? Tun Laraba nake jiran kiranka."

Ruwa na dukan rufin mota. Ba wanda ya motsa.

Safara'u ba ta jin Faransanci, amma ta ji suna biyu, kuma ta san su. Ta tuna shuɗiyar rigar da ke rataye kusa da injin wanki. Makaranta na hutu, ba ta taɓa ganin ɗalibi ko ɗaya a cikin kayansa ba. Ta ɗaga ido ta kalli tambarin da ke jikin laimar. Shi ne a aljihun rigar.

Mahamane na tsaye a cikin ruwa, bai shiga ba.

"Madam, kin san shi ne?"

"Mahaifin yarinyar da aka ba gurbin ne. Sun nema shekarun baya kafin in zo, ba a ɗauke ta ba saboda Faransancinta, bana ya sake kawo ta. Me ya faru? Kun san juna?"

"A gidansa muke zaune. Tafintar da ta zo da matata, matarsa ce."

Fara'ar ta bar fuskar Madam Pauline. "Ba suna ɗaya suke ba. Ita ta ce min Hamida Yari."

"A wurinmu mace sunan ubanta take riƙewa."

"Da na nemi ganin uwar, ya ce min ta yi tafiya."

"Tana gida. Da safe muka bar ta tana shan shayi."

Madam Pauline ta miƙe tsaye. Ta kalli Idrissa, irin kallon da ake yi wa abin da aka taka a hanya. Ta juya ga Mahamane ta ce ya bar wayarsa a kunne, ta koma ciki da sauri, laimar ma a hannun Aliyya ta manta ta.

Mahamane ya buɗe ƙofar gaba ya zauna, ruwa na zuba daga rigarsa a kan kujerar fata. Ya daɗe yana kallon mutumin da suka yi makarantar allo tare, wanda ya riƙe masa kai ranar da aka binne mahaifinsa.

"Muka ce ba ma so," in ji shi. "Haka ta ce, ko? Mu da kanmu muka duba muka ce ba ma so."

Idrissa ya riƙe sitiyari da hannu biyu.

"Ranar da na nuna maka makarantar nan a kwamfuta, ka ce min ba ka taɓa jin sunanta ba."

Mahamane ya juyo ya fuskance shi.

"Tambaya ɗaya zan yi maka, Idrissa. Ranar da ta rataya katin nan a wuya ta riƙe hannun matata, ka san abin da za ta je yi?"

Idrissa ya kunna abin share gilashi. Ya tafi, ya dawo. Ya tafi, ya dawo.

"Bari mu isa gida," ya ce.

"Wane gida?" in ji Safara'u daga baya.

Idrissa ya ja mota.

Sauran ba shi da tsawo. Kafin azahar makarantar ta janye gurbin daga hannun Idrissa, ta ce kada gidansa ya sake nema. Washegari aka kira Mahamane, aka ce Aliyya ta zo a gwada mata riga. A ranar suka kwashe kayansu daga ɗakin ƙasa, wani abokin aikinsa a Greenbelt ya ba su falo kafin hayar Wheaton ta fito. Safara'u ta wanke kwanon da ta ci abinci a ciki, ta kife shi, ta fita ba sallama.

Madam Pauline ta kira kamfanin tafinta. Suka karɓe katin Hamida, suka kore ta.

Ɗija kuwa ba ta yi wa kowa komai ba. Ta gaya wa ƙawayenta za ta sauya makaranta, ta gwada shuɗiyar rigar a gaban madubi. Da ta tambayi ubanta me ya faru, ya ɗauki makullin mota ya ce ta tambayi uwarta.

An bar wa Hamida ta gaya wa ɗiyarta dalili. Yarinyar ba ta jin zurfin Hausa, da Turanci za a yi. Kuma wannan karon ba maganar wani za ta juya ba, tata ce.